Injin Hura Iska: Zaɓin Da Ke Raya Tanderun Narka Ƙarfe Ko Ya Kashe Shi

Duk lokacin da aka ta da zancen farfaɗo da Kamfanin Ƙarafa na Ajaokuta da ke Jihar Kogi, abubuwan da aka fi ambata su ne tamar Itakpe, da kwal, da layin dogo, da kuma maƙudan kuɗin da aikin zai ci. Da wuya a ji wani ya ambaci iska. Alhali kuwa a cikin kayan da babban tanderun narka tama yake haɗiya dare da rana, iska na cikin mafiya nauyi, kuma ita kaɗai ce ba a iya tarawa a sito don gobe. Tama kan zauna a fili wata da watanni, kwal ma haka. Iska kuwa a daƙiƙar da ake bukatarta ake samar da ita, in ta yanke na ɗan lokaci kaɗan ana iya yin asarar da za a shekara ana gyara. Wannan ne ya sa masana harkar ƙarfe, tun fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, suke ɗaukar zaɓin injin hura iska a matsayin ɗaya daga cikin manyan shawarwarin da ake yankewa kafin a aza harsashin masana'anta.

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya riga ya san tushen maganar. Gawayi na nan, ƙarfe na nan, amma muddin mai zuga bai kama zugazugi ba, wuta ba za ta yi ja ba balle ƙarfe ya yi laushi. Masu narka tama na dauri, daga na Taruga a zamanin al'adun Nok har zuwa na gindin Dutsen Dala a Kano, da wannan ilimin suka yi aiki. Tanderun zamani bai sauya ƙa'idar ba, girma kawai ya ƙara mata.

Yadda tanderun yake aiki kuwa shi ne, ana zuba masa kaya ta sama hawa-hawa: tama, da kok, wato kwal ɗin da aka gasa ba tare da iska ba har ya koma kamar gawayi mai tauri, da kuma dutsen farar ƙasa. Ta ƙasa kuma, ta waɗansu bututu da ke kewaye da ƙugunsa, ana cusa iska mai zafin da ya kai digiri 1,000 zuwa 1,250 a ma'aunin Salshiyas. Oksijin ɗin da ke cikin iskar yana ƙona kok a bakin bututun, zafi ya haura digiri 2,000, sa'annan iskar gas ɗin da ta fito daga ƙunar ta ratsa cikin tulin kayan zuwa sama, tana zare oksijin daga jikin tama. Abin da ya rage shi ne narkakken ƙarfe, wanda ke gangarowa ya taru a gindi da zafin kimanin digiri 1,500, dattinsa, wato kashin maƙera, yana yawo a kansa. Yawan kok ɗin da za a ƙona a minti ɗaya ya danganta ga yawan iskar da aka hura a wannan mintin, yawan ƙarfen da za a samu kuma ya danganta ga kok ɗin da aka ƙona. Ke nan injin iska ne yake yanke wa tanderu saurin tafiyarsa.

Bari mu ɗan yi lissafi da tanderun Ajaokuta, wanda faɗin cikinsa ya kai kubik mita 2,000, aka kuma tsara zangon farko na kamfanin don samar da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara. Wannan ya kama kimanin tan 3,600 a kowace rana. Tanderun zamani kan bukaci kubik mita 1,000 zuwa 1,200 na iska a kan kowane tan na narkakken ƙarfe. In aka ɗauki na sama, za a ga ana bukatar wajen kubik mita 3,000 a kowane minti, wato kusan tan huɗu na iska a minti ɗaya, kuma sai an matsa ta har ta ninka matsin iskar da muke shaƙa sau uku ko huɗu kafin ta iya kutsawa cikin tulin kaya mai tsayin bene hawa da yawa. Ƙarfin da wannan aiki yake ci ya wuce megawat 10, ba dare ba rana, shekara da shekaru.

Daga ruwa zuwa tururi

A Ingila, inda Abraham Darby ya fara narka tama da kok a Coalbrookdale cikin 1709, ruwan rafi ne yake juya ƙafar da ke matsa zugazugan fata. Da rani ya yi ruwa ya ja baya, sai aiki ya tsaya. Shigowar injin tururi ta farko a wannan sana'a ma ta bayan gida ce: a farkon shekarun 1740 an kafa injin Newcomen a Coalbrookdale don ya riƙa ɗebo ruwan da ya riga ya zuba ya mayar da shi sama, ƙafar ta ci gaba da juyawa. Sai a 1776 ne John Wilkinson ya kafa injin Boulton da Watt a masana'antarsa ta New Willey, inda tururi ke tura fistin ɗin da ke matsa iska kai tsaye a cikin silinda ta ƙarfe. Shi dai Wilkinson shi ne ya ƙirƙiro na'urar huda silinda daidai wa daida, wadda in ba don ita ba da injin Watt ɗin kansa bai yi aiki yadda ya kamata ba. Daga nan masana'antar ƙarfe ta rabu da bakin rafi, ta koma kusa da ramukan kwal.

Injinan wancan zamani ƙatti ne masu tafiyar hawainiya. Wani dogon ƙarfe ne a sama mai kama da sandar sikeli, silindar tururi a gefe ɗaya, silindar iska a ɗaya gefen. Wanda aka kafa a Dowlais ta ƙasar Wales a 1851, faɗin silindar iskarsa ƙafa 12 ne, tafiyar fistin ɗinsa ma ƙafa 12, yana kai-komo wajen sau 20 a minti, kuma tanderu da dama yake ciyarwa. Duk da wannan girma, iskar da yake fitarwa ba ta kai rabin abin da muka lissafa wa tanderun Ajaokuta shi kaɗai ba.

Abin da masu zaɓin inji suka koya

Darasi na farko da aka sha wuya kafin a gane shi ne bambancin da ke tsakanin yawan iska da matsinta. Tsohuwar al'adar Ingila ita ce a haɗa tanderu uku ko huɗu a kan babban bututu guda, inji ya riƙa cika shi da iska a kan matsi ɗaya. A ido tsari ne mai sauƙi da araha. Amma iska, kamar ruwa, hanyar da ta fi sauƙi take bi. Idan kayan cikin wani tanderu suka cunkushe, sai iskar ta guje shi ta kwarara cikin maƙwabcinsa da ke a buɗe. Mara lafiyan, wanda shi ya fi bukatar a tura masa iska da ƙarfi, sai ya rasa, ya ƙara sanyi, ya ƙara cunkushewa. Lafiyayyen kuma a cika shi fiye da kima. Masu masana'antun Amurka, musamman na yankin Pittsburgh, a ƙarshen ƙarni na 19 suka sauya wannan tsari. Kowane tanderu aka ware masa injinsa, aka riƙa auna iska da yawan juyawar inji a minti, matsi kuwa aka bar shi ya hau ya sauka gwargwadon halin da cikin tanderu yake. Da wannan dabara, da kuma ƙara matsi fiye da yadda Turawan Ingila suka saba, tanderun Amurka suka riƙa fitar da ƙarfe ninkin na takwarorinsu, ko da yake bulon da ke jikinsu ya fi saurin cinyewa.

A nan ne injin fistin ya yi fice. Duk tafiya ɗaya ta fistin, iskar da ke cikin silinda dole ta fita, ko tanderu ya so ko ya ƙi. In hanya ta toshe, matsi ne zai hau, yawan iskar ba zai ragu sosai ba, muddin injin yana da ragowar ƙarfi. Saboda haka mai saye ba ya tsayawa ga matsin aikin yau da kullum. Yakan tambayi iyakar matsin da injin zai jure a ranar da kaya suka maƙale a tsakiyar tanderu suka ƙi sauka. Injin da aka saya daidai da bukatar rana mai daɗi, ranar wuya zai kunyata mai shi.

Aibinsa kuma a bayyane yake. Iskarsa na fita ne bugu-bugu kamar numfashi, har sai an sa babbar ma'ajiya a kan bututu don ta daidaita ta. Bawulolin da ke buɗewa da rufewa a kowace tafiya su ne suka fi saurin lalacewa, su ne kuma suke hana a ƙara wa injin gudu. Ga nauyi, ga cin wuri, ga harsashin da sai an zuba masa kankare kamar za a gina gada. Wajen rage cin tururi an yi ta gyare-gyare: aka kawo bawul irin na Corliss, aka kawo inji mai silinda biyu inda tururin da ya gama aiki a ƙarama yake wucewa babba ya sake yin wani aikin, aka kuma haɗa da na'urar da ke sanyaya tururin da ya fita ta mayar da shi ruwa. Aka yi ta muhawara kan inji na tsaye da na kwance: na tsaye ba ya cin fili kuma silindarsa ba ta cinyewa ta gefe ɗaya, na kwance kuma ya fi sauƙin kaiwa gare shi wajen gyara.

Darasi na biyu ya fi kowanne tsada, shi ne na ajiye injin ko-ta-kwana. Tanderu irin wannan in aka kunna shi ba a kashewa sai bayan shekara goma, goma sha biyar, ko fiye, lokacin da za a sake masa bulo. Akan tsayar da iska da gangan na 'yan sa'o'i don gyara, amma da shiri ake yi, bayan an zuƙe narkakken ƙarfe da datti. Idan kuwa iskar ta ɗauke ba zato, matsin da ke riƙe da narkakken datti sai ya saki, dattin ya kwararo cikin bututun iska ya daskare. Gas mai guba da kama wuta yana iya komowa baya ta bututun. In abin ya daɗe, gindin tanderu ya yi sanyi, ɗaruruwan tan na ƙarfe da datti su zama dutse guda a ciki. Shi ya sa tun da can ake kafa injuna fiye da bukata. Tagwayen injunan nan da ake kira David da Sampson, waɗanda wani kamfanin Glasgow ya ƙera a 1851 don tanderun Priorslee a Ingila, sun kai kusan shekara ɗari a bakin aiki, rabin wannan lokaci a matsayin masu jiran ko-ta-kwana bayan an kawo sababbi. Yau suna gidan tarihi na Blists Hill.

Akwai kuma batun iskar kanta, wanda ya shafe mu a wannan yanki fiye da yadda ya shafi waɗanda suka ƙirƙiro injunan. Inji faɗin iska yake zuƙa, tanderu kuwa nauyin oksijin yake ci. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakayau: kubik mita ɗaya a digiri 35 ya gaza na digiri 15 nauyi da kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari. Injin da aka auna shi da yanayin Turai, in aka kawo shi bakin Kogin Neja cikin watan Maris, zai juya yadda aka tsara, amma oksijin ɗin da zai kai ciki ya ragu. Sai kuma laima. Iskar da ta ƙoshi da danshi a digiri 30 tana ɗauke da kusan giram 30 na ruwa a kowane kubik mita, ta digiri 10 kuwa giram 9 ne kacal. A bakin bututu wannan ruwa yana tarwatsewa, tarwatsewar kuma zafi take sha. Mai karatu na iya kwatanta bambancin da ke tsakanin iskar damina da ta hunturu a Ajaokuta.

Wani masani Ba'amurke, James Gayley, ya gwada maganin wannan a 1904 a tanderun Isabella kusa da Pittsburgh: ya sanyaya iskar da na'urar ƙanƙara don ruwan cikinta ya fita kafin ta shiga inji, ya kuma ba da rahoton raguwar cin kok da kusan kashi 20 cikin ɗari. Waɗanda suka kwaikwaye shi ba duka suka sami irin wannan riba ba, daga baya kuma aka fahimci cewa abin da tanderu ya fi ƙi shi ne sauyin laima daga safe zuwa yamma. Abin mamaki, yau masana'antu da yawa ƙara wa iskar tururi suke yi da gangan don laimarta ta tsaya wuri ɗaya.

Ya kamata a lura cewa injin sanyayyiyar iska yake turawa. Zafin a wani wuri ake ba ta. James Beaumont Neilson na Glasgow ne ya yi rajistar dabarar hura iska mai zafi a 1828, kuma a masana'antar Clyde ta rage kwal ɗin da ake ci a kan tan ɗaya na ƙarfe daga wajen tan 8 zuwa wajen tan 5. A 1857 Edward Cowper ya kawo dogayen murhunan bulo da ake dumama su da gas ɗin tanderu, sannan a bi da iska ta cikinsu. Su ma murhunan suna rage wa iskar matsi, dole a sa su cikin lissafi.

Gas, farfela, da wutar lantarki

Gas ɗin da ke fita ta saman tanderu ba shi da ƙarfi, bai fi kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa ba, amma yana da yawa ƙwarai kuma kyauta ne. Da farko a ƙarƙashin tukwanen tururi ake ƙona shi. A cikin shekarun 1890 sai aka ce me zai hana a ƙona shi a cikin silinda kai tsaye, kamar yadda mota ke ƙona fetur? Kamfanin Cockerill na Beljiyam ya nuna irin wannan babban inji a bikin baje kolin Faris na 1900, Jamus ta rungume shi, Amurka ma ta kafa su a Gary da Bethlehem. Sun fi injin tururi na lokacin tsimin makamashi nesa ba kusa ba, sai dai suna son gas da aka tace ƙurarsa tas, ga tsadar saye, ga yawan gyara. Waɗanda ke masana'antar Völklingen ta Jamus sun yi aiki har aka rufe ta a 1986, kuma tun 1994 wurin yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO.

Wanda ya yi nasara a ƙarshe shi ne injin farfela. Charles Parsons ya ƙirƙiro injin tururi mai juyawa a 1884, ba a daɗe da shiga ƙarni na 20 ba aka fara haɗa irinsa da jerin farfelu masu matsa iska. Babu fistin, babu bawul mai bugawa, sandar ƙarfe ce guda tana juyawa sau dubbai a minti, iska na fita sumul. Inji ɗaya ƙarami ya maye gurbin ɗaki guda na ƙatti. A masana'antar Sloss da ke Alabama, injunan fistin na farkon shekarun 1900 sun ba da wuri ga irin wannan wajen 1950.

Amma shi ma da halinsa, kuma halin kishiyar na fistin ne. In tanderu ya cunkushe matsi ya hau, iskar da farfela ke turawa raguwa take yi. In ta ragu ta wuce wani mizani, sai iskar ta riƙa komowa baya tana sake fita da ƙarfi, injin ya kama kakkarwa, wadda kan iya karya farfelu cikin ɗan lokaci. Maganinsa na'ura ce mai lura da yawan iska tana ƙara wa injin gudu ko rage masa, da bawul mai sakin rarar iska waje kafin a kai ga haɗari. Ma'ana, lafiyar wannan inji a hannun na'urorin sarrafa shi take.

Yau tambayar da ke gaban mai gina masana'anta ita ce da me za a juya farfelar, tururi ko motar lantarki? Lantarki ya fi sauƙin kafawa da kulawa, kuma sababbin masana'antu da yawa shi suke zaɓa, a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. A ƙasar da babban layin wutar ƙasa kan faɗi sau da yawa a shekara, jingina numfashin tanderu a kansa ganganci ne, sai fa in masana'antar na da tasharta da za ta iya tsayawa ita kaɗai. Tururi yana bukatar tukwane, da tsabtataccen ruwa, da ruwan sanyaya mai yawa, da ƙwararrun ma'aikata. A madadin haka yana cin gas ɗin da masana'antar ke fitarwa da kanta, kuma ana iya sauya masa gudu cikin sauƙi.

Hanyar tururi ce injiniyoyin Tarayyar Sobiyat na kamfanin Tyazhpromexport suka bi a Ajaokuta, wanda Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinsa a 1980. Sun haɗa tashar wutar lantarki mai megawat 110 da tashar injunan hura iska a wuri guda, kamar yadda suka saba yi a ƙasarsu da kuma Indiya. Masana'antar Bokaro ta Indiya, wadda su ne suka taimaka aka gina, tanderunta na farko mai kubik mita 2,000 ne, daidai da na Ajaokuta, kuma ya fara aiki tun 1972. Namu ba a taɓa kunna shi ba. Kamfanin Delta da ke Aladja bai shiga wannan lissafi ba, domin shi an tsara shi ne ya zare oksijin daga tama da iskar gas, sannan ya narka da wutar lantarki.

Saboda haka duk binciken da za a yi kafin a farfaɗo da Ajaokuta, tashar iska na cikin wuraren da ya kamata a fi tsananta dubawa, domin araha ba ta ado a nan. Injin farfelar da ya shekara talatin ko fiye a tsaye yana iya kyau a ido, alhali doguwar sandarsa ta ɗan lanƙwashe saboda nauyinta, tsatsa ta ci farfelu, bututun tukwane sun yi rauni, na'urorin sarrafawa kuma na zamanin da aka daina ƙera kayan gyaransu ne. Sai an buɗe, an auna, an gwada shi da cikakken nauyi, shi da na ko-ta-kwanansa, an kuma tabbatar cewa in ɗaya ya tsaya ɗayan zai karɓa kafin datti ya kai bakin bututu.

Jerin kunnawar ma daga wannan tasha yake farawa. Tun da babu gas ɗin tanderu sai tanderu ya kama, da iskar gas ta bututu ko man fetur mai nauyi za a fara hura tukwane. In tururi ya samu sai a ta da injin iska a gwada shi, a ɗauki makonni ana dumama murhunan bulo da busar da cikin tanderu a hankali don kada bulo ya tsage, a cika shi da kok da ɗan kaya marar nauyi. Bayan duk wannan ne ake buɗe bawul a saki iskar farko.